Ranar da Muka Kai wa Dahiru Yaƙi Har Zaure

Duk mai cewa wasan harbi na yanzu da wanda muka yi a kwaleji abu ɗaya ne, ya zo nan Kankara ya same ni, ina da labarin da zan ba shi. Ni ma haka na ɗauka, da furfurata da tabarauna, har na kinkimi abin na kai wa abokina Dahiru a Sabuwa da sunan magani. Ba komai nake nema ba illa in ji muryarsa ta dawo. Mutumin da a da sai an roƙe shi yake yin shiru ya shafe watanni bai haɗa magana biyu da kowa ba, ni kuma na buga ƙirji na ce na san abin da zai buɗe masa baki. Allah ya raba mutum da ƙaƙale irin na tsohon malamin makaranta.

Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya lokacin muna kwaleji. Ni, da Lawal mutumin Yankara, da Dahiru, sai wani ɗan Ruwan Godiya mai injin wasan, wanda ya riga mu gidan gaskiya tuntuni, Allah ya jiƙansa. Talabijin ɗinmu ƙarama ce mai ƙusumbi, sai an mare ta a gefe take kawo hoto. Abin riƙewa, wanda muke kira hannu, guda huɗu ne, ɗaya an naɗe shi da salatif kuma kullum yana janye mutum hagu, shi ake ba baƙo. Fuskar talabijin ɗin takan rabu gida huɗu, kowa da ɗan lungunsa da bai fi tafin hannu ba. Saboda kada wani ya leƙa ya ga inda ɗan'uwansa ya ɓuya, sai muka yanka kwalin sabulu muka manna shi a tsaye a tsakiya, biyu a dama biyu a hagu, na sama su hau katifa, na ƙasa su zauna kan siminti. Leƙe babban laifi ne. Wanda aka kama ya miƙa hannu, ya ɗauki bokiti ya tafi famfo ya ɗebo wa ɗaki ruwa, ba roƙo ba ɗaukaka ƙara.

Ranar Asabar da hantsi muke yi. Za ka gan mu a bakin famfo muna wanki, kumfa har gwiwar hannu, sai ka ji wani ya ƙwala ihu daga sama, "An kawo wuta!" Wallahi haka za mu bar kayan a jiƙe mu ruga, wani da takalmi ƙafa ɗaya. Sai la'asar za mu tuna, mu tarar riguna sun yi tsami. Garin rogo da ƙuli-ƙuli a kwano ɗaya, cokali biyu, ana yaƙi ana miƙa wa juna. Aikin Lawal kuwa, tun kafin kowa ya zauna, shi ne ya ƙure muryar talabijin har ƙarshe. A wurinmu wasan da ba a jin sa daga bakin ƙofar makaranta ba wasa ba ne, kuma ba wanda ya taɓa yi masa gardama. Ai ba wata ƙara ba ce ta tsoro. Lasifikar ta yage, bindigar tana kukan tau-tau kamar yaro na buga gwangwanin madara, mutumin da aka harba ya zube kamar buhun dawa, kafin ka haɗiye gari ya tashi a wani lungu yana neman rama. Akwai Baba mai gadi, tsohon soja ne, yakan leƙo ta taga ya girgiza kai ya ce, "Ku dai kashe junanku ku gama kafin jarrabawa, malamai su huta." Mahaifina kuma, ranar da labari ya kai masa muna gona a Pauwa, tsayawa ya yi ya dogara da hauya ya dube ni ya ce, "Wato gero na sayar na tura ka koyon harbin aljanu a akwati?" Na sunkuya na ci gaba da noma.

Muna da ladabinmu fa. Da an kira salla kowa ya ajiye hannu a ƙasa, mutanenmu su tsaya cak a cikin akwatin, ko bindigarka tana kan ƙeyar wani ba ka isa ka harba ba sai an dawo. Idan ka zagi mutum, gwiwar hannunsa tana kusa da haƙarƙarinka, nan take za a biya ka. Wanda ya kashe ka kana jin numfashinsa, ka san ƙauyensu, ka san sunan yarinyar da ta ƙi shi. Kuma duk cikinmu ba kamar Dahiru. Yatsunsa kamar ba ƙashi. Ba ya gudu, ba ya ɓarnar harsashi, zai laɓe bayan ƙofa ya bar ka ka wuce kana taƙama, sai ka ji muryarsa daga bayan kwali, "Ɗan Kankara, juyo ka gaida ajalinka." Kafin ka juyo an gama. Sai dariya, irin wadda yake yi har ya faɗo daga katifa yana riƙe ciki. Na sha rantsuwa na daina wasa da shi, Asabar na zuwa ni ne na farko a kan siminti.

Aka gama karatu kowa ya kama gabansa. Ni koyarwa, Lawal cinikin hatsi a kasuwar Yankara, Dahiru ya koma Sabuwa yana noman masara da sayar da taki. A da mukan haɗu a suna da biki. Sannu a hankali hanya ta lalace, ba lalacewar kwalta ba, kowa ya san irin wadda nake nufi. Zumunci ya koma waya. Wata ran kuma aka kira ni aka ce an tare Dahiru a hanyar gonarsa an shiga daji da shi. Ya yi kwanaki da yawa a hannunsu kafin Allah ya kuɓutar da shi. Muka je muka yi masa jaje, ya amsa da kai. Na ce gajiya ce, za ta sake shi. Bayan nan in na kira ba ya ɗauka, in ya ɗauka na fara zolayarsa ina dariya sai in ji ya kashe. Na yi fushi ma, don ban san hawa ba balle sauka. Sai da uwargidansa, Hajiya, ta kira ni da kanta. Ta ce, "Malam, abokinku fa ba shi fita ko ƙofar gida. In ba salla ba, yana zaure yana kallon bango. An yi rubutu, an je asibiti, sun ce jikinsa lafiya lau. Ku ne kuka san shi tun yana saurayi, don Allah ku yi wani abu kada ya tafi a haka." Na kira Lawal na ce, "Mutumina, ka tuna abin da ke sa Dahiru faɗowa daga katifa?" Ya ce, "Kai, ka kawo shawara!" Shi ma ashe kansa irin nawa ne.

Injin irin namu ba a samun sa yanzu, na tambaya a shagunan waya aka yi mini kallon wanda ya zo neman fitilar aci-bal-bal. Suka ce komai ya koma cikin waya. To, a sa mini. Kai jama'a! Mu a da faifai za ka hura ka goge da gefen riga ka tura, shi ke nan yaƙi ya tashi. Wannan sai da ya tambaye ni sunana, da shekaruna, da lambar sirri, na ba shi, ya ce ba ta yi ƙarfi ba. Ina ruwanka da ƙarfinta, gona zan ajiye a ciki? Na gama wannan ya ce zai sauko da wasu kaya, ya shanye datar da nake wata guda da ita, wayar ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu. Washegari na buɗe, ya ce akwai sabon gyara, sai an sake saukowa. Da ƙyar na shiga, sai ga mutumin nawa tsaye daga shi sai gajeren wando, ana tallata mini riguna da huluna da wata bindiga mai ruwan hoda. Har rawa ake sayarwa, wai in ka kashe mutum ka taka a kan gawarsa. Ina dalili!

Wasan kansa kuwa, ba ɗaki ba ne mai lungu huɗu da ka san kowace ƙofa. Jirgi ne zai kwaso ku ku wajen ɗari, ba wanda ya san wani, a watso ku a wani ƙaton daji. Ka yi ta gudu kana tsintar kaya, ba ka ga kowa ba, sai kawai ka faɗi. Wa ya harbe ka? Oho. Daga ina? Allah masani. Kuma in ka mutu ka mutu ke nan, ba tashi a wani lungu, sai dai ka koma layin jirgi. Wani yaro ya zazzaga mini zagi a rubuce da wani yare, na gane zagi ne daga yadda yake jero shi, kuma ba haƙarƙarin da zan kai wa gwiwar hannu. Ranar da abin ya fi ba ni haushi, ana kiran azahar na ajiye wayar kan tabarma yadda muka saba, na bar mutumina tsaye a gindin wata bishiya. Na dawo na tarar an kashe shi, an kwashe kayansa, har an ba ni gargaɗi wai na gudu na bar abokan yaƙi. Wasan da ba a tsayar da shi don salla, ba a tsayar da shi don baƙo ya yi sallama, wannan wasa ne ko bauta? Duk da haka na daure, na ce don Dahiru ne. Sati biyu ni da Lawal muna koyo, kowa a garinsa. Ga inda wautar take. Ni ina yi ne a ofis da muryar a kashe don kada ɗalibai su ji su raina ni, Lawal kuma a shago yake yi, shi ma a kashe saboda masu ciniki. Cikinmu ba wanda ya taɓa jin kukan abin da kunnensa.

Muka sa rana. Na fita da sassafe na biya Yankara na ɗauki Lawal, muka zagayo ta Funtuwa don ba a bin gajeriyar hanya yanzu, muka isa Sabuwa rana ta take tsaka. Dahiru yana zaure kan buzu, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Muka gaisa, ya ce lafiya lau, ya mayar da ido bango. Hajiya ta aiko da fura. Bayan mun yi azahar na matsa kusa da shi na ce, "Mutumin Sabuwa, yau na zo rama kisan da ka yi mini shekara da shekaru." Na fito da wayar na buɗe, na riƙe ta a gabansa. Ban lura da yadda ya kalle ta ba, don hankalina yana kan jirgin da ke shirin watso mu. Lawal kuwa, ba tare da ya tambayi kowa ba, ya zaro wata lasifika daga jakarsa, irin ƙaramar nan mai caji da yake sa karatu da ita a shago, ya haɗa ta da wayar. Ya ce, "Aikina ne tun muna yara," ya ƙure ta har ƙarshe. Ni kuma na yi dariya na ce haka ake yi.

Mutumina na cikin wasan yana sauka wani ya buɗe masa wuta.

La'ilaha illallahu. Ba gwangwanin madara ba ne. Ita ce, ita kanta, da tsagewarta da amsa-kuwwarta da ƙarar kwanson harsashi yana faɗuwa ƙasa, irin wadda duk mutumin yankin nan ya sani ba sai an gaya masa ba. Zauren ya ɗauka ya ninka. Cikin gida na ji kwano ya faɗi, mata suka sa salati, wata tana kiran sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. A waje na ji gudu, ana rufe ƙofofin shago garam-garam, wani yana ihu, "Sun shigo! Sun shigo!" Lawal ya rikice yana danna lasifikar, maimakon ta mutu sai ta ƙara. Ni na rasa inda ake fita daga wasan, don masu shi ba su yi masa ƙofar fita ta mutunci ba. Sai da Lawal ya cusa lasifikar cikin kwanon fura sannan ta yi shiru. Na juyo in ba Dahiru haƙuri, ban gan shi kan buzu ba. Yana kwance rub da ciki a ƙasa, fuskarsa cikin turɓaya, ya mayar da hannuwansa biyu baya ya haɗa su, yana jiran a ɗaure. Ba wanda ya ce masa ya yi. A rayuwata ban taɓa jin kunya da tsanar kaina irin ta wannan lokacin ba.

Kafin mu ɗaga shi unguwa ta cika ƙofar gida, wasu da gora, wasu da adda. Wani dattijo maƙwabcinsa, Alhaji ne mai yawan shekaru, ya shigo yana haki, ya ga waya a hannuna, ya ga lasifika cikin fura. Da ya fahimci abin da ya faru sai ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Malam, kai ne aka ce kana koyar da yara?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce, "Mi ya kai ka? A garin ga? A gidan wanga bawan Allah? Matata ta tsallaka katanga da jika a baya, yanzu haka ƙafarta ta gurɗe." Na durƙusa na ba shi haƙuri, Lawal ya bi gida-gida yana bayani, wasu suka yi tsaki, wasu suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Hajiya ta aiko aka ɗauke kwanon furar kawai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da mutane suka watse muka rage mu uku. Dahiru ya koma kan buzu, ƙasa a gemunsa bai kakkaɓe ba. Na ce, "Dahiru, ka yafe mini. Wallahi ban san haka take kuka ba. Na zaci irin tamu ce." Na miƙe na fara neman takalmina. Sai na ji ya ce, "Na san wasan." Muryar ta dushe, amma tasa ce. Muka zauna.

Ya ce, "Masu tsaronmu a daji samari ne, ba su kai mu lokacin muna kwaleji ba. Akwai wani dutse da ake samun sabis a kansa, a gindinsa suka ɗaure mu. Da rana in manyansu sun fita sai su hau su zauna su huɗu, da wayoyin da suka ƙwace, har da tawa. Wasan ga suke yi. Bindigar gaske a cinya, ta wasa a hannu. Mu muna ƙasa ba mu san wacce ta tashi ba, ta waya ce ko wadda za a sauko da ita." Ya ci gaba da cewa, "Suna zolayar juna. Wanda aka kashe ya ce an yi masa leƙe. Su yi ta dariya har ɗaya ya kusa faɗowa. Ɗan Kankara, dariyarsu irin tamu ce, ba bambanci ko kaɗan. Shi ya sa in ka kira ni ka fara dariya nake kashe waya. Ba fushi nake da kai ba."

Lawal ya sa hula ya rufe fuskarsa. Dahiru ya ci gaba da magana, a hankali, yana tsayawa yana ɗorawa, har aka kira la'asar. Abubuwan da ya faɗa ba nawa ba ne da zan baza su. Na hango inuwar Hajiya a bakin ƙofar cikin gida, ta tsaya ba ta motsi, tana jin muryar mijinta.

Dole mu kama hanya da sauran rana. Muka miƙe, sai shi ma ya miƙe, ya sa takalmi ya biyo mu har waje, yana ƙifta ido saboda haske. Maƙwabta suka bar abin da suke yi suna kallonsa. Na shiga mota na tayar, ya dafa ƙofar ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya yadda Lawal ma sai da ya matso.

Ya ce, "Akwai wanda ban gaya wa kowa ba. Wata rana ƙaraminsu ya sauko, an yi ta kashe shi ya ji haushi. Ya kwance mini hannu ya miƙo wayar ya ce, 'Baba, ka iya?' Na duba, na ga inda yake kuskure. A fili yake tsayawa, ga ƙofa kusa da shi bai laɓe ba. Na ce ban iya ba." Ya dubi yatsunsa a kan ƙarfen motar. "Dukan da suka yi mini ya warke tuntuni. Abin da ya hana ni sakat shi ne, wallahi, saura kaɗan in karɓa in nuna masa."